Abin da za ka yi idan kana zargin 'yar kyanwarka ta kamu da muguwar cutar bairas

Tambayar da masu kiwon kyanwa suka fi yi min kusan iri ɗaya ce: "'Yar kyanwata ta daina cin abinci, tana amai, ta lafe a lungu. Na karanta alamomin wata cuta, duk sun yi daidai da nata. Me zan yi?" Wani fanlukofeniya yake tsoro, wato cutar da ke cin hanji tana rage fararen ƙwayoyin jini, wani FIP, wato cutar da kan tara ruwa a ciki ko a ƙirji, wani kuma sankarar jini. Ga matakan nan a jere yadda ya kamata a bi su.

Amma ka fara riƙe wannan: a ranar farko, gano sunan cutar ba aikinka ba ne. Alamomin cututtukan nan suna kama da juna, suna ma kama da na tsutsar ciki, kuma ko likita sai ya yi gwaji kafin ya faɗi suna. Abin da ke kashe ƙaramar kyanwa cikin sa'o'i kaɗan shi ne ƙarewar ruwan jiki, sanyi, da faɗuwar sukarin jini. Waɗannan ukun kuwa kana iya gane su da idonka da hannunka, kana iya rage musu ƙarfi kafin ku isa asibiti.

Kayan da za ka tanada: ma'aunin zafin jiki na dijital, basilin, ƙaramin sikeli mai auna giram, sirinji marar allura na mil 1 zuwa 5, safar hannu ta roba, bilic (ruwan wanki mai sinadarin kulorin), tawul biyu ko uku, gorar roba mai murfi, keji ko kwali, da takarda da biro.

1. Killace ta tun kafin ka tabbatar

Ka sa ta a ɗaki guda mai daɓen da ke wankuwa, ka rufe ƙofa. A ba ta kwanon abinci, na ruwa da tiren yashin kashi nata na kanta. Mutum ɗaya ya riƙa shiga, da takalmi da rigar da za su tsaya a ɗakin. Idan akwai wasu kyanwoyi a gidan, ka fara yi musu hidima, sannan ka shiga wurin marar lafiya, ba akasin haka ba.

Gargaɗi: man goge hannu mai sinadarin giya ba ya kashe ƙwayar fanlukofeniya. Safar hannu da wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu su ne kariyar.

2. Duba ta, ka rubuta abin da ka gani

Nan ne mafi yawan mutane ke sakaci. Sai su ce wa likita "ba ta da lafiya ne kawai", alhali minti goma na dubawa za su iya rage masa rabin aiki.

Zafin jiki. Ka naɗe ta a tawul, wani ya riƙe maka ita a jikinsa, bayanta yana fuskantarka. Shafa basilin a bakin ma'aunin, ɗaga wutsiyar, ka zura shi a duburarta a hankali kamar santimita ɗaya, ka jira ya yi ƙara. Idan ta ɗaure jiki, kada ka tura da ƙarfi. Ka ɗan dakata, za ta saki. Lafiyayyar kyanwa tana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas. Daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Ƙasa da 37.5 kuwa, a kyanwar da ta wuce wata guda, ya fi zazzaɓin haɗari. Mutane da yawa suna murna idan zafin ya sauka, su ce ta fara samun sauƙi, alhali a fanlukofeniya zazzaɓi ne ke zuwa da farko, sanyin jiki ya biyo baya sa'ad da ta fara galabaita. Taɓa hanci ko kunne ba awo ba ne.

Dasashi. Ɗaga leɓenta na sama. Lafiyayyen dasashi jaja-jaja ne, mai laima da santsi. Danna shi da yatsa ka saki: farin wurin ya kamata ya koma kalarsa kafin daƙiƙa biyu. Idan yatsanka yana mannewa, ruwan jikinta ya ja baya. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Idan ya yi ruwan ɗorawa, ciwon shawara ne, kuma ka duba farin idonta da cikin kunnenta. Ka leƙa harshe ma, ko akwai gyambo.

Fata. Kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta ka ɗaga, ka saki. Ta koma nan take, madalla. Ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, ruwa ya yi ƙasa sosai. A jariran da ba su kai wata ɗaya ba wannan gwajin yana ruɗi. A wurinsu launin fitsari ya fi faɗin gaskiya, domin nasu kusan fari ne, idan ya yi duhu to akwai matsala.

Numfashi. Ka ƙirga ɗagawar ƙirjinta na daƙiƙa 30 lokacin da take barci, ka ninka biyu. Daga 20 zuwa 30 a minti lafiya ne. Sama da 40 tana kwance, ko numfashi da baki a buɗe, ba abin jira ba ne.

Ciki da nauyi. Shafa cikin a hankali. Ya kumbura alhali ƙashin bayanta da haƙarƙarinta sun fito? Ka rubuta. Sannan ka ɗora ta a sikeli. Lafiyayyar 'yar kyanwa tana ƙara kimanin giram 100 a mako. Wadda nauyinta ya tsaya ko yake raguwa, ba ta da lafiya ko da tana wasa.

Sauran su ne amai sau nawa, gudawa da jini ko babu, atishawa, majina, kwantsa, da lokacin da ta ci abinci na ƙarshe. Akwai wata alama da ta shahara a fanlukofeniya: za ka ga ta zauna gaban kwanon ruwa, ta sunkuyar da kai a kansa, tana son sha amma ba ta sha.

Gargaɗi: idan tsintar ta aka yi, ko tana da alamar cizon wata dabba, sannan halinta ya sauya, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili ko ƙafafunta sun shanye, kada ka sa yatsa a bakinta. Kyanwa tana ɗaukar ciwon haukan kare, kuma shi kaɗai ne a cikin waɗanda za mu ambata ke kashe mutum. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibitin mutane a ranar.

3. Yanzu ko gobe da safe?

Ku tafi yanzu, ko da tsakar dare ne, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ba ta iya tsayuwa, jikinta ya yi sanyi, dasashi ya yi fari ko ruwan ɗorawa, numfashi yana yi mata wuya, tana amai a kai a kai har ruwa ba ya zama, gudawa da jini, ko farfaɗiya. Haka kuma wadda ba ta kai wata biyu ba idan ta tsallake ci biyu a jere.

Atishawa da ɗan hawaye a kyanwar da ke ci, tana wasa, zafin jikinta daidai, yana iya kaiwa safe. Amma safen gobe nake nufi, ba na jibi ba.

4. Riƙe ta kafin ku isa

Tsarin shi ne ɗumi, sannan sukari, sannan ruwa. Zuba ruwan ɗumi a gorar roba, naɗe ta a tawul, ka ajiye a gefenta cikin kejin, ka bar mata wurin matsawa idan zafi ya ishe ta. Kada gorar ta taɓa fatarta kai tsaye, domin kyanwar da ta galabaita ba ta iya janye jiki sai ta ƙone. Idan ta yi laushi tana layi, shafa ɗigon zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashinta. Idan tana haɗiya kuma ba ta amai, ba ta ruwa da sirinji ta gefen baki, ɗigo-ɗigo, kanta a miƙe yadda take sha da kanta.

Gargaɗi: kada ka ɗura wa kyanwar da jikinta ya yi sanyi ko wadda ba ta haɗiya komai, zai faɗa huhunta. Kada a ba ta madarar shanu, gudawar za ta ƙaru.

Gargaɗi mafi girma: kada ka ba ta farasitamol, ko ɓallin ƙwaya, ko na yara na ruwa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Yana lalata jininta, fuskarta ta kumbura, ta mutu. Ibufurofen da asfirin ma haɗari ne gare ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Ragowar antibayotik da ke gida kuma ba ya kashe bairas.

5. Abin da za ka kai wa likita

Ka kira kafin ku tafi, ka ce kana zargin cuta mai yaɗuwa, don su shigar da ku ba tare da kun zauna cikin wasu dabbobin ba. Ka tafi da takardar da ka rubuta, katin riga-kafinta idan akwai, sabon kashinta a ƙulle cikin leda, da hoto ko bidiyon amai ko tafiyarta. Ka shirya amsar waɗannan: watanninta nawa, daga ina aka samo ta kuma yaushe, 'yan uwanta suna raye, an ba ta maganin tsutsa, an yi mata allura a 'yan kwanakin nan, me ka riga ka ba ta. Wannan ta ƙarshen a faɗi gaskiya, ko da abin kunya ne. Likita yana da maganin gubar farasitamol, amma sai ya sani da wuri.

6. Gwaje-gwaje da yadda za ka fahimce su

Fanlukofeniya. Ƙwayar fabo ce ke kawo ta, 'yar uwar ta karnuka. Tana bayyana kwana 2 zuwa 7 bayan kamuwa, wani lokaci har 14. Tana cinye bangon hanji, tana rage fararen ƙwayoyin jini. Ana gwada kashi nan take, a kuma ƙirga ƙwayoyin jini. Gwajin kashin yana iya cewa babu alhali akwai, yana kuma iya cewa akwai a kyanwar da aka yi wa riga-kafi kwanan nan, shi ya sa ake haɗa shi da na jini. Babu maganin da ke kashe ƙwayar kanta. Ƙarin ruwa, maganin amai, antibayotik saboda bakteriyar da ke kutsawa ta raunin hanji, da ciyarwa da wuri su ne jinyar. Tana kashe ƙanana da yawa, amma wadda ta tsallake kwana biyar na farko galibi tana tashi.

Murar kyanwa. Ƙwayoyi biyu ne suka fi kawo ta: hafis, mai cin ido, da kalisi, mai sa gyambon harshe. Yawanci ba a buƙatar gwaji. Haɗarinta shi ne toshewar hanci, domin kyanwar da ba ta jin ƙanshi ba ta ci, sai kuma gyambon ido da kan makantar idan an yi jinkiri. Kada ka ɗiga mata maganin idon da ba likita ya rubuta ba. Mai sitiroyid a ciki yana ƙara ɓata gyambon.

FeLV da FIV. Ɗigon jini ɗaya ke gwada su biyun. FeLV, wato ƙwayar sankarar jinin kyanwa, tana bin miyau, lasar juna da nonon uwa. FIV, wato ƙwayar da ke raunana garkuwar jikin kyanwa, ta fi bin cizo. Ba sa kama mutum. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada a yanke wa 'yar kyanwa hukunci da gwaji ɗaya. Gwajin FIV garkuwar jiki yake nema, kuma jaririya tana iya shan garkuwar uwarta a nono ba tare da ta ɗauki ƙwayar ba, don haka sai an maimaita bayan ta cika wata shida. Na FeLV ma ana tabbatar da shi da wani gwajin daban, ko a sake bayan kwana 30 ko fiye, domin jikin wasu yana danne ƙwayar. Kyanwa mai FIV kuwa tana iya yin shekaru da yawa lafiya lau idan a cikin gida take.

FIP. Ita ce ta fi tayar da hankali, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Akwai wata ƙwayar korona ta hanjin kyanwa, ba ta mutane ba, wadda kyanwoyi da yawa ke ɗauke da ita ba ta yi musu komai. A jikin kaɗan daga cikinsu ne take rikiɗa ta zama FIP, mafi yawa 'yan ƙasa da shekara biyu. Nau'i mai ruwa yana tara ruwa mai yauƙi, ruwan ɗorawa, a ciki ko a ƙirji. Busasshen nau'in yana zuwa da rama, zazzaɓin da ba ya jin antibayotik, sauyin launin ido ko layi a tafiya. Gwajin da ya ce tana da garkuwar korona bai nuna tana da FIP ba; dubban lafiyayyu ma haka zai ce musu. Likita yana haɗa shaidu ne: shekarunta, zazzaɓin, awon furotin na jini, da ruwan da ya zuƙo. Albumin da gulobulin nau'o'in furotin ne na jini: idan aka raba adadin na farkon da na biyun aka samu ƙasa da 0.4 zargi yana ƙarfi, sama da 0.8 kuma yana raguwa. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta, a kan ruwan cikin ya fi na jini amfani. Ka kuma tuna cewa ƙaton ciki a 'yar kyanwar da ke ci tana wasa ya fi zama tsutsa.

Da can FIP hukuncin kisa ce. A 2019 ne Niels Pedersen da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa sakamakon maganin GS-441524, wanda ake bayarwa kullum har mako 12, wato kwana 84, kuma yanzu mafi yawan waɗanda aka fara wa da wuri suna warkewa. Likitocin dabbobi a Birtaniya da Ostireliya suna rubuta shi bisa doka tun 2021, a Amurka kuma tun 2024. Idan tsohon rubutu ka karanta ya ce babu magani, zamaninsa ya wuce.

Gargaɗi: wanda ake sayarwa a bayan fage ba lallai ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a kwalbar ba. Ko ta wace hanya ka same shi, likita ya riƙa auna ta yana duba jininta.

7. Maganar kuɗi

Ka faɗa wa likita iyakar ƙarfinka tun a farko, ka nemi ƙiyasi a rubuce. Dubawa da gwajin kashi su ne masu sauƙi, gwajin jini ya fi su, PCR da hoton ciki sun fi tsada. Kwanciya da ƙarin ruwa kullum ake lissafa su, don haka a fanlukofeniya ka yi shirin kwanaki, ba dare ɗaya ba. Idan kuɗin ba zai kai ga komai ba, tambayi likita: "Wanne gwajin ne zai sauya maganin da za a ba ta?" A yi shi, sauran kuɗin ya tafi ga ruwa da magani. Idan kwanciya ta gagara, akwai tsarin zuwa kullum a yi mata ruwa a ƙarƙashin fata da allurai. Bai kai kwanciya ba, amma ya fi zaman gida nesa ba kusa ba.

Maganin FIP da nauyi ake auna shi. Tana samun sauƙi tana ƙiba, kuɗin yana hawa, kuma nau'in da ya taɓa ido ko ƙwaƙwalwa ya fi cin magani. Ka lissafa da nauyin da za ta kai a ƙarshe, don kada ya yanke maka a tsakiya.

8. Jinya a gida

Ka auna nauyi da zafin jiki kullum a lokaci guda, ka rubuta. Abinci mai laushi na kyanwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a ɗan ɗumama shi don ƙanshi ya tashi. Kafin ci, goge mata hanci da ido da auduga da ruwan ɗumi, kowane ido da audugarsa. Mai toshewar hanci a zaunar da ita cikin kejinta a banɗaki mai tururin ruwan zafi na minti goma. A ƙarasa magani har ranar da likita ya ce, ko da ta fara tsalle. Nauyi ya ragu kwana biyu a jere, ko amai ya dawo, ku koma.

9. Wanke gida

Ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. FeLV, FIV da hafis ba sa daɗewa a wajen jiki, sabulu ma yana gamawa da su. Kalisi tana iya kai wata guda. Fabo kuwa tana iya shekara a ɗaki tana jiran wata kyanwar.

Fara kwashe kashi da amai, ka wanke wurin da sabulu, ka ɗauraye. Bilic ba ya aiki a kan datti. Sannan ka haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 32, wato kimanin mil 30 a lita guda, ka jiƙa wurin, ka bar shi da laima minti 10, ka ɗauraye, ka bari ya bushe. Kullum a haɗa sabo. Kwali, tsumma da duk abin da ba ya wankuwa a zubar.

Gargaɗi: kada ka haɗa bilic da wani sinadarin wanki, kuma kada ka zuba shi a kan fitsarin da ba a wanke ba; hayaƙinsa guba ne. Magungunan goge daɓe masu sinadarin fenol, irin waɗanda ke mai da ruwa fari idan an zuba su, guba ne ga kyanwa, domin tana takawa ta lashe ƙafarta.

10. Sauran kyanwoyi da riga-kafi

Wadda ta warke daga fanlukofeniya tana iya ci gaba da fitar da ƙwayar a kashi har mako shida, don haka kada a yi gaggawar haɗa ta da sauran. Waɗanda suka zauna da ita a kai su likita ya duba katinsu, a kuma sa musu ido na mako biyu. Idan akwai mai ciki a cikinsu a faɗa masa, domin ba kowace allura ake yi mata ba.

Allurar da ke kare fanlukofeniya, hafis da kalisi guda ce. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 9 da haihuwa, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ta cika mako 16, sannan a ƙara ɗaya tsakanin wata shida da shekara guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a ta farko, alhali garkuwar da ta sha a nonon uwa tana iya hana ta farkon kamawa. Ta haukan kare daga mako 12 ake yi. Ta FeLV kuma sai bayan an gwada an ga ba ta da ita.

Idan fanlukofeniya ta taɓa shiga gidan, ko marar lafiyar ta rayu ko ba ta rayu ba, kada a kawo sabuwar 'yar kyanwa sai wadda ta kammala allurarta, an kuma ƙara mako biyu a kai. Idan ta zo, ita ma a ajiye ta a ɗaki daban na mako biyu kafin ta haɗu da na gida.